DABBAR DA KE TURKENKA AMANA CE, KUMA ZA A TAMBAYE KA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin halittu, wanda ya hore mana dabbobin ni'ima muna hawansu, muna huɗa da su, muna shan nononsu, muna cin namansu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mun san abin da wasu za su ce da zarar sun ga kan wannan maƙala. Za su ce: ana kashe mutane a ƙasar Gobir, ana ƙona ƙauyuka, ana aza wa talaka haraji kafin ya shiga gonarsa, ku kuwa kun zauna kuna rubutu a kan jaki da akuya? To, mu 'yan wannan ƙasa ne. Ba mu manta da matafiyan da aka ƙona cikin mota a yankin Sabon Birni a watan Disamba na 2021 ba, ba mu manta da kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024 ba, ba mu kuma manta da 'yan'uwanmu da suka tsallaka zuwa Gidan Runji da sauran garuruwan jihar Maraɗi tun 2019 ba. Allah ya gafarta wa waɗanda suka rasu, ya isar wa waɗanda aka zalunta.

Amma wannan masifa ita ce ma ta tilasta mana yin wannan magana. Manyan garkuna an kore su zuwa daji. Abin da ya saura a hannun mutumin Kurawa da na Isa da na Gatawa shi ne awaki biyu ko uku, da tunkiya, da jaki ɗaya, da 'yan kaji, wani kuma bijimin huɗa. Su ne kuɗin magani idan yaro ya kwanta, su ne kuɗin hatsi idan rumbu ya ƙare, su ne kayan ɗakin yarinya. Abin takaici, wannan ɗan abin da ya tsira daga hannun ɓarayi shi ne muke ƙarasawa da hannunmu, ta hanyar sakaci da camfi da jahilci da aka lulluɓe da rigar addini. Zaluncin ɗan bindiga ba ka da ikon tsayar da shi kai kaɗai. Wanda ake yi a turkenka kuwa kana da iko, kuma a kansa za a tsayar da kai.

HUKUNCIN SHARI'A A TAƘAICE

Mai karatu ya sani cewa kula da dabba wajibi ne a kan mai ita. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema wa kanta ba. Sun ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya shiga lambun wani Ba'ansare, raƙumi ya gan shi ya yi ta zubar da hawaye, sai ya kira mai raƙumin ya yi masa faɗa a kan yunwa da wahalar aikin da yake gana masa. A littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, Shaihu Halilu ya tabbatar a Muhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne idan babu makiyaya, wanda ya ƙi kuwa a sayar da ita, haka nan wanda ke ɗora mata aikin da ba ta iyawa. Wannan fiƙihun namu ne, tun kafin a ji labarin wata ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi a Ingila ko Amurka. To ina malamanmu suka kai wannan babi? Sau nawa aka karanta shi a kan mumbari?

LAYA A WUYAN SANIYA

Ka shiga kowace kasuwar dabbobi daga Sabon Birni zuwa Shinkafi, za ka ga bijimi da laya a wuya, rago da guru, doki da ƙulli a goshi. Ka tambayi mai shi, zai ce maganin baki ne, ko maganin ɓarawo, ko maganin annoba. Subhanallahi! Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bashir Al-Ansari (R.A.) cewa a wata tafiya Manzon Allah (S.A.W.) ya aika manzo ya zaga ayari, kada a bar wata tsirkiya da aka rataya a wuyan raƙumi face an tsinke ta. Imamu Malik, wanda shi ma ya kawo hadisin a Muwaɗɗa, ya ce yana ganin saboda kambun baka ake rataya su. Wato abin da ake yi yau shi ne ainihin abin da aka aika a tsinke.

Ɓarnar wannan aiki biyu ce. Ta farko a aƙida, domin zuciya ta rataya ga fata da zare maimakon ta rataya ga Mahaliccinta. Ta biyu a dukiya, domin wanda ya amince da laya ba ya neman riga-kafi. Muna tambayar masu rubuta layun nan: shanu nawa aka kora daga ƙasar Isa da layunku a wuyansu? Ko ɗaya ta juyo? Kun karɓi zakara da kuɗi daga hannun matalauci, kun bar shi da turke wayam. Ku ji tsoron Allah.

MASU FAKEWA DA ƘADDARA

Akwai wasu kuma da ba su rataya laya, amma idan an ce su kai dabbobinsu riga-kafi sai su ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Magana ce ta gaskiya da aka ajiye ba a muhallinta ba. Lokacin da Sayyidina Umar (R.A.) ya nufi Sham ya ji labarin annoba, ya juya da jama'arsa. Da aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma buga misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su. Wane makiyayi ne zai zaɓi ƙeƙasasshen gefe ya ce tawakkali ne?

Tsofaffinmu sun san bushiya. Ita ce ta share shanun ƙasar Hausa da na Fulani a shekarun 1890, ta kuma dawo a 1983 ta talauta gidajen da har yau ba su farfaɗo ba. Saboda ita aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924. Yau ina bushiya? A 2011 hukumomin duniya suka bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa baki ɗaya. Da izinin Allah aka yi, ta hanyar sababin da ya sanar da bayinsa, wato allurar riga-kafi da tsare garken da ya kamu. Layu sun shekara ɗari a wuyan shanu ba su kore ta ba.

Bushiya tana da 'yar'uwa da ke nan tare da mu, annobar tumaki da awaki wadda likitoci ke kira PPR. Alamunta zazzaɓi, da kwantsa a ido, da majina mai kauri, da gyambo a baki, da tari, sannan zawo mai wari, cikin 'yan kwanaki dabba ta faɗi. Ƙwayar da ke kawo ta ba ta jin allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake sayarwa a kasuwa. Amma allurar riga-kafinta guda ɗaya tana kare dabba shekara uku ko fiye, kuma tun 2015 ƙasashen duniya suka ƙulla aniyar kawar da ita zuwa 2030. Ciwon huhu na shanu, da harbin daji, da ciwon saifa, duk suna da riga-kafin da ake maimaitawa shekara-shekara. Annobar kaji da ke zuwa da hunturu tana share akurki ita ma tana da nata, ɗigo ne a ido.

Mun ga wata baiwar Allah a nan Kurawa, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu da awaki biyar. Aka kawo mata wata akuya da araha daga kasuwa, ta ɗaure ta a turke ɗaya da nata a daren nan. Kafin sati biyu akuya ɗaya ta rage mata. Maƙwabta suka taru suna cewa baki ne, wasu har suna nuna wata tsohuwa da yatsa. Babu wanda ya gaya mata cewa Manzon Allah (S.A.W.), kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (R.A.), ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gangarar da su mashaya tare da masu lafiya. Abin da likitocin dabbobi ke faɗa yau ke nan: duk dabbar da ka sayo, ka ware ta sati biyu zuwa uku, da kwanon ruwanta da na abincinta daban, kafin ta haɗu da naka. Wadda ta kamu kuma a raba ta da sauran nan take, kada a kai ta kasuwa, kada a kai ta mashayar gari.

A nan ya wajaba mu faɗi wata magana mai ɗaci. Arahar da ta wuce hankali a wannan zamani tana da dalili biyu: ko dabba ba ta da lafiya, ko ta sata ce. Saboda cinikin dabbobin sata ne gwamnatin jihar Sakkwato ta dakatar da kasuwannin dabbobi na wannan yanki a 2021. Wanda ya sayi saniyar da ya san ta sata ce ya ci haram, ya saya wa ɗan bindiga harsashi, kuma ya shigo da cuta cikin gari, domin garken daji tarkace ne daga ƙasashe daban-daban da babu mai duba lafiyarsu.

LIKITOCIN BAKIN KASUWA

Ɓangare na uku su ne waɗanda suka yarda da magani amma suka ɗauki kowane mai jaka a matsayin likita. Ranar kasuwa za ka ga an baza kwalabe a kan buhu cikin tsakiyar rana, wasu kwanan watansu ya wuce, wasu babu lambar NAFDAC, wasu jabu ne ƙarara. Mai tallar bai ga dabbar ba, bai san nauyinta ba, bai san ciwonta ba, amma zai zuƙo maka oksitetrasiklin ya ce maganin komai ne. Wannan ha'inci ne, kuma hadisi ya tabbata a Muslim cewa mai ha'inci ba ya cikinmu.

Ya kamata mai dabba ya san abubuwa huɗu. Na ɗaya, ana auna magani ne da nauyin dabba. Idan ka rage don tsimi, ƙwayar cuta ba ta mutuwa, sai ta saba da maganin, gobe ya daina aiki a kanta, har ma a kan ɗanka idan irinsa aka ba shi a asibiti. Na biyu, kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a sha nonon dabbar ko a ci namanta, kuma an rubuta su a jikin kwalba. Wanda ya yi wa saniya allura da safe ya aika da nononta kasuwa da rana ya cuci Musulmi. Na uku, allurar riga-kafi tana son sanyi. Wadda ta kwana a aljihu ko ta wuni a rana ta zama ruwa, kuma idan an haɗa ta sai a yi amfani da ita cikin ɗan lokaci. Na huɗu, allura ɗaya da ake yawo da ita daga garke zuwa garke ba tare da an tafasa ta ba ita kanta hanyar yaɗa cuta ce.

Mafi muni su ne masu ɗirka wa bijimin huɗa ko jaki tiramol don ya wuni yana aiki bai ji gajiya ba, da masu ba ragon layya magungunan kumbura jiki don ya yi kyan gani kafin Babbar Salla. Wal'iyazu billahi. Na farko ya kashe wa dabba jin ciwon da Allah ya sanya mata don ya zama gargaɗi, na biyu ya yaudari mai neman kusanci ga Allah.

Galibin lafiyar dabba kuwa ba a kwalba take ba. Tana cikin ruwa mai tsabta, da inuwa, da share turke, da gishiri da kanwa daidai gwargwado, da tanadin harawa da ƙowa da dusa tun kaka, da cire kaska, da ba da maganin tsutsar ciki a farkon damina da ƙarshenta, musamman ga masu kiwo a fadamun gulbin Rima inda ciwon hanta ya yi yawa. A kiyaye gyauron dawa, domin ɗanyen tohonsa yana da dafin da ke kashe dabba cikin awanni. A kiyaye cika wa rago ciki da hatsi farat ɗaya. A kiyaye leda. Ku tambayi rundawa abin da suke cirowa daga tumbin akuyar da ke yawo a bola: dunƙulen leda ne da tsumma. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana zargin maƙwabci da maita, alhali ledar da ya yar a ƙofar gidansa ce.

A YANKA KAFIN TA MUTU

Da dabba ta faɗi, abin da ake fara nema wuƙa ce. Ba mu musun cewa malaman fiƙihu sun yi bayanin sharuɗɗan da yankan dabba mara lafiya ke inganta da su. Amma ingancin yanka daban, halaccin ciyar da mutane cuta daban, ɓoye aibi ga mai saye kuma haramun ne ba tare da saɓani ba. Idan dabba ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura, ciki ya kumbura da wuri, to a yi zaton ciwon saifa. Kada a yanka, kada a feɗe, kada a cire fata, kada a ja ta a ƙasa, kada a bar wa karnuka. A kira malamin dabbobi, a ƙona ta ko a binne ta cikin rami mai zurfi nesa da rijiya. Ƙwayar wannan ciwo tana rayuwa a cikin ƙasa shekaru masu yawa, kuma tana kama mutum ta fata da ta ciki da ta numfashi. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja, don haka kada wani ya ɗauka labarin da ne. Haka nan dabbar da ta yi ɓari, kada a taɓa ɗan da mahaifar da hannu tsirara, kuma a tafasa madara kafin a sha.

JAKI, BAWAN DA BA SHI DA MAI KARE SHI

Babu dabbar da ta yi wa talakan Gobir hidima kamar jaki, babu kuma wadda aka wulaƙanta kamarsa. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai taki gona, shi ke kawo amfani gida, kuma a ranar gudu shi ke ɗauke tsohuwa da jarirai inda mota ba ta zuwa. Sakamakonsa sanda a kai da gyambo a baya. Masana sun ce kada kayan jaki su wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinsa. Jakinmu da ƙyar yake kai kilo 150, amma za ka ga an aza masa buhun gero mai kilo 100, mai shi kuma ya haye a kai. Akumari ya tsufa ya zama kamar itace, yana cin fata har nama ya bayyana, sai a shafa baƙin mai na inji ko garin batir a ce magani ne. Waɗannan guba ne. A wanke gyambo da ruwan gishiri mai tsabta, a kare shi daga ƙuda, a sauke wa jakin kaya har ya warke, a gyara akumarin. A yi dabaibayi da abu mai laushi. A ba shi ruwa sau da yawa a ranar zafi, a duba kofatonsa.

Masu yi wa jaki lalas a fuska kuma su sani cewa Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ga jakin da aka yi wa tambarin wuta a fuska, ya la'anci wanda ya aikata haka, ya kuma hana dukan fuska. La'ana ce, ya ɗan'uwa, a kan abin da kake ɗauka al'ada.

A ƙarshen 2018 da farkon 2019 murar dawaki da jakuna ta ratsa jihar Sakkwato da ƙasar Nijar ta kashe jakuna masu yawa, kuma waɗanda aka ci gaba da aiki da su suna tari su ne suka fi faɗuwa. A bayan wannan ga fataucin fatar jaki zuwa ƙasar Sin, inda ake dafa ta a yi wani magani. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka jaki don fatarsa a watan Fabrairu na 2024. Duk da haka dillalai ba su daina bin ƙauyuka ba. Wanda ya sayar da jakinsa don kuɗin wata ɗaya, matarsa da 'ya'yansa ne za su koma ɗaukar tulu a ka.

KARE DA KYANWA

A kan kare mutanenmu sun kasu biyu, kuma duka sun kauce. Wasu suna sakin yara su yi ta jifan kowane kare har ya mutu suna ganin lada ne. Wasu suna ajiye shi ba ci ba sha ba riga-kafi. Sunna ta yi izinin kare na kiwo da na noma da na farauta. Malaman Malikiyya sun hakaito cewa Ibnu Abi Zaid, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa a zamanin tsoro, da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta haka sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ƙauyukanmu sun san daren da haushin kare ya tashe su suka tsira. Wanda ya ajiye shi don wannan buƙata, ciyar da shi da shayar da shi da lafiyarsa suna wuyansa.

Babban haɗari shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne. Da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum, tsoron ruwa da firgita da dalalar miyau, to sai dai addu'a. Amma ana iya tare shi kafin nan. A yi wa kare riga-kafi tun yana wata uku, a maimaita kowace shekara. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar don a fara allura, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a tsaya ƙona gashin karen ana shafawa, kada a tsaya jiran rubutun sha. Idan an san karen, a ɗaure shi a lura da shi kwana goma, amma kada jiran ya hana fara allura. Uban da ya ɓata kwanakin nan a wurin boka, ya shirya amsar da zai ba Allah a kan ran ɗansa.

Kyanwa kuwa mai tsarki ce, hadisi ya lissafa ta cikin masu kai-kawo a gidajenmu, kuma ita ke tsare rumbu daga ɓera. Camfin cewa baƙar kyanwa mayya ce ko aljana, har a bi ta da duwatsu, ragowar jahiliyya ne da ba shi da asali a Littafi ko Sunna.

KIRANMU

1. Ga limamai da masu wa'azi: ku keɓe huɗuba a kan haƙƙin dabbobi kafin damina da kafin Babbar Salla, ku kuma yi shelar zuwan masu riga-kafi a masallatai.

2. Ga masu dabbobi: ku tsinke layu, ku ware sabuwar dabba, ku haɗa kuɗi unguwa-unguwa ku kira malamin dabbobi na gaskiya, domin kwalbar riga-kafi ɗaya tana isar dabbobi da yawa.

3. Ga sarakunan fawa da shugabannin dillalai: ku hana yanka dabbar da ta faɗi ba a duba ta ba, ku hana cinikin wadda ba a san asalinta ba.

4. Ga matasanmu masu karatu: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa. Wannan ilmi farilla ce ta kifaya, kuma ƙasar da jar akuyarta ta yi suna har Turai saboda kyan fata bai kamata ta rasa 'ya'yanta a wannan fage ba.

5. Ga hukuma: an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024. Muna so mu ga amfaninta a Kurawa da Isa da Sabon Birni, da ma'aikata da firjin riga-kafi da allurar cizon kare a asibitocinmu. Kafin duk wannan muna neman tsaro, domin malamin dabbobi ba zai shiga ƙauyen da mai gari ya gudu ya bari ba.

Ya ɗan'uwa, yau idan ka dawo daga sallar Magariba, ka biya ta turkenka da fitila. Ka duba kwanon ruwa, ka ɗaga akumari ka ga bayan jakinka, ka shafa wuyan bijiminka ka ji ko akwai abin da ya kamata a tsinke. Muna ɗaga hannu dare da rana muna roƙon Allah ya ji ƙanmu ya ɗauke mana azzalumai, kuma hadisi ya tabbata cewa masu jin ƙai su ne Mai rahama yake jin ƙansu.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sanya albarka a dukiyoyinmu, ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.